Ƙotar Gudumar Baba

Alhamis, 14 ga Maris 1985, da hantsi

"Yaya, kafin Juma'a zan sake mata ƙota. In ban yi ba, ki cire ni daga 'ya'yan Baba."

Haka ka ce, Mutari. A bakin zaure ka faɗa, kana share gumi da hularka, ni kuma ina girgiza maka gudumar a kunne don ka ji yadda kanta yake rawa a jikin ƙota. Ba ka ce wace Juma'a ba, wannan kam gaskiya ne. Tun ranar an yi Juma'o'in da har limamin ya manta huɗubarsu.

Na sayi wannan kaye, littafin rubutu, don shirya wa 'yan ajina darasi. Shugaban lakwal, makarantar da nake koyarwa, ya ce in zauna gida sai 'yata ta samu sauƙi, to ga abin da kayen zai ci. Dole in zuba maganar nan a wani wuri, in ba haka ba zan zuba ta a fuskar ƙanena a gaban baƙi.

Kan gudumar yana ƙarƙashin gadona. Ni na ɗauke shi ran Talata, kafin kowa ya tuna da shi. Ban wanke shi ba.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan azahar

Ta sha kunu. Ba ta yi magana ba.

Asabar, 16 ga Maris, da la'asar

Sakina. Sakina. Sakina.

Ita ce 'yata ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe, don mahaifinta bai daɗe ba bayan haihuwarta. Kamar kowace uwa mai kunya, ban taɓa kiran sunan 'yar fari da bakina ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Shekara goma sha tara ina kewaya sunan kamar mai kewaya bakin rijiya. Ran Talata na kira shi, har mutanen ƙofar masallaci suka ji. Ita kaɗai ce ba ta ji ba.

An naɗe mata kai har idanun biyu. Majo, babban malamin jinya na ɗakinsu, ya ce na dama lafiyarsa lau, an rufe shi ne don kada ya riƙa motsa ɗan'uwansa. Na hagu kuwa sai kumburi ya sauka likita ya duba.

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Madam, haƙuri."

Na ce masa shi muke ci tun da damina ta ƙi, shi ya sa ya ga duk garin ya rame.

Jarrabawarta a watan Yuni take. Littattafanta suna nan inda ta bar su, ɗaya a buɗe, ta danne shi da mataji.

Lahadi, 17 ga Maris, da safe

Gidanmu na Birni ƙofa ɗaya gare shi, kamar kowane gidan mutunci. Mai shiga da mai fita sai ya ratsa zaure, maƙera kuwa cikin zauren take, a hannun hagu in ka shigo. Nan muka yi rarrafe, nan muka yi tsere, babu wanda ko tartsatsi ya taɓa. Mutane su ce sa'a. Ba sa'a ba ce, Baba ne.

Baba ba ya bugu sai ya ba hanya baya, ya fuskanci bango. Duk abin da zai tashi, ɓallin ƙarfe ne ko kan guduma, bango zai sama. A je a duba bangon nan, duk tabo ne. Yakan shafa shi ya ce mini, "Barira, ƙirga. Kowane tabo ido ne da bai fashe ba."

Ran Alhamis bayan la'asar ba a bugu a gidanmu. Sai ya kashe wuta, ya yi shara har lungu, ya kwashe gutsattsarin ƙarfe ya zuba a tsohuwar tukunya don kada ƙafar wani ta taka. Sannan ya ɗauki kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Awartaki ya buɗe ya rufe, ya ji ko ƙusar tsakiyarsa ta yi sako-sako. Kurfi, in kansa ya baje saboda duka, ya goge shi da magagari kafin gefen ya ɓalle ya tashi. Zugazugi ya shafe fatar da man gyaɗa. Guduma kuwa sai ya kai ta kunne ya girgiza, kamar mai sayen kankana. In ya gama, kowane abu ya koma ƙusarsa a bango, inda ya zana siffarsa da farar ƙasa. Ko daga ƙofa ka leƙo ka san abin da babu.

Abu ɗaya ne na taɓa ganin ya mari almajirin sana'arsa a kai, babban mutum mai gemu: tsoma kan guduma a kaskon ruwa don ƙota ta kumbura ta kama. Ya ce ruwa maƙaryaci ne. Yau ya kumbura itace, gobe ya tafi ya bar shi ya fi jiya ramewa. Ƙotar da ta saba da ruwa kullum sai an ba ta, ranar da ba a ba ta ba ta saki.

Mutari yana wurin. Ya ga marin.

Litinin, 18 ga Maris, da hantsi

An hura wuta. Ina ɗaki ina ɗaura zane zan tafi gidan likita, sai na ji bugu. Kwanon kunun ya kusa suɓuce mini.

Na fito na tsaya. Mutari yana nan inda ya tsaya ran Talata, bayansa a bango, fuskarsa a hanya. Da ƙaramar guduma yake aiki. Wurin tsayuwar Baba har yanzu cike yake da ƙullin kayan 'yan Hamdara: tabarmi, turmi, ƙoren da babu abin zubawa, har da ƙyauren ɗaki da wani ya ciro ya taho da shi a ka.

Na ce, "Sannu da aiki, sarkin maƙera."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, masu haƙar rijiya na Mirriya suna jiran dagi. Ruwa ya gudu ƙasa, sai sun bi shi. Da hatsi za su sallame ni. Kin san bakin da ke cikin gidan nan."

Na sani. Tun da gero ya ƙone a tsaye, dangin Baba suka taso daga Hamdara, tsofaffi da mata da goyo, suka cika mana tsakar gida. Mutari bai kori ko ɗaya ba, kuma gumin hannunsa suke ci. Na rubuta wannan don kada a ce ban faɗa ba.

Na ce, "A kwashe kayan nan a kai ɗakina. Ni na kwana a waje. Ka koma inda Baba yake tsayawa."

Ya ce, "In na gama na Mirriya."

"Kafin Juma'a?"

Sai a nan ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne. Ya ce, "Yunwa ba ta jiran shara, Yaya."

Na wuce ta gabansa ina rufe gefen fuskata da kwano. A gidan ubana.

Talata, 19 ga Maris, da azahar

Talata.

Laraba, 20 ga Maris, da yamma

Baba Ɗanjuma, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba a cikin 'yan Hamdara. Yau ya kira ni gindin darbejiya ya yi mini nasiha. Ya ce abin da ya faru rubutacce ne. Ya ce ko a ɗaki yarinyar take, in rabon ƙarfen nan ne ya same ta, zai fasa bango ya je.

Na durƙusa, na saurara har ya gama, don ubana ne. Sannan na ce, "Baba, da kuka taso daga Hamdara, me ya sa kuka ciro ƙyauren ɗaki?"

Ya ce, "Kada ɓarayi su ɗauke."

Na ce, "In rubutacce ne su ɗauke, ai da sun biyo ku har Damagaram."

Ya ce, "Karatun nasara ya sa miki baki, Barira."

Na ce ba na nasara ba ne, na yayansa ne.

Ban musa ƙaddara ba. Na yarda da ita kamar yadda na yarda da mutuwa. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar rijiyar gidansa a buɗe don ya yarda da mutuwa ba.

Alhamis, 21 ga Maris, bayan magariba

Bugu har magariba. Ba a yi shara ba.

Da na dawo na leƙa bangon. Siffofin farar ƙasa suna nan, babu komai a kansu, kamar kufan gari. Magagari yana ƙasa cikin toka. Awartaki biyu a kan tabarmar wani. Zugazugi ya tsage a gefe an liƙe da tsumma, yana huci kamar tsoho mai tari, don man da ake shafa masa ya daɗe da shiga miya. Buhun gawayi dab da wuta. Tukunyar yashi da Baba yake ajiyewa saboda gobara, wata ta zubar da yashin ta jiƙa anza a ciki. Ban ga laifinta ba, 'ya'yan anza sai sun kwana a ruwa ɗacinsu yake fita, su ne kuma tuwon rabin gidan nan.

Shatu, 'yar Mutari da ta fara tafiya, ta ɗauko wani guntun ƙarfe baƙi tana kai shi baki. Allah ya sa ya huce. Baba yakan ce jan ƙarfe ba ya ƙona kowa, don kowa na tsoronsa, baƙin da bai huce ba shi ke cin hannu. Shi ya sa yake da kusurwa guda ta ajiye mai zafi. Yanzu turmi ne a kusurwar.

Juma'a, 22 ga Maris, da hantsi

An buɗe mata na dama. Ta gan ni. Ta ce, "Inna, kin tsufa."

Na ce ita ma ba ta yi kyau ba. Ta yi dariya, dariyar ta ja mata ɗinkin, ta daina.

Asabar, 23 ga Maris, da la'asar

Na karanta mata tarihi, don likita ya hana ta karatu da kanta. Mun zo inda ake maganar ganuwar Birni da mutanen da suka gina ta, sai ta ce, "Inna, da gaske ne kakanninmu sun ƙera wa sarki igwa?"

Na ce haka ake faɗa a gidanmu.

Abin da ban faɗa ba: jikan masu ƙera igwa ya kasa ƙota.

Can ta ce, "Ni bokitin kawai na tuna. Tun asuba nake layin pampo, sai da rana ta take na samu. Ina shigowa ina murna. Ya zube duka?"

Na ce duka.

Ta ce, "Kash."

Ruwan take wa kash.

Ta tambayi Kawunta. Na ce aiki ya yi masa yawa. Majo ya gaya mini akwai wani mutum mai ƙunar wuta a hannu da yake zuwa kullum bayan sallar asuba, ya tsaya a gindin bishiyar bakin ƙofa, ya tambayi mai gadi yadda yarinyar ta kwana, ya juya. Ban gaya mata ba. In yana da abin faɗa, ƙafafunsa sun san sauran hanyar.

Litinin, 25 ga Maris, da sassafe



Na fito zan tafi, gari bai gama wayewa ba, ba a hura wuta ba. Na ga wani abu tsaye a kaskon ruwa. Na matsa.

Ƙaramar guduma ce. Kanta a ƙasa cikin ruwa, ƙota a sama.

Ban san lokacin da na ɗauki kaskon na yi jifa da shi ba. Ya fashe a bango. Mutari ya fito da gudu, matarsa Gana a bayansa, 'yan Hamdara suka tashi zaune a kan tabarmi.

Ya ce, "Yaya, lafiya? Ruwan nan kin san daga inda aka ɗebo shi?"

Na ce, "Na san wadda take ɗebo shi. Tana can an naɗe mata kai."

"Ta ɗan yi sako-sako ne, na ce kafin in samu sukuni..."

"Haka babbar ta ɗan yi. Kullum kana ba ta ruwa kamar tunkiyar layya. Da baƙi suka yi yawa, kasko ya kwana biyu a bushe, me ta yi?"

Ya kau da kai.

"Faɗa mini, Mutari. Ni ina ɗaki, ƙara kawai na ji. Kai kana wurin. Me ta yi?"

Ya ce, "Ki bari, don Allah."

"Da me aka bar ka a hannu?"

Ya dubi hannunsa. Ya ce, "Ƙota."

Baba Ɗanjuma ya ce a yi salati. Aka yi. Na tsallake ɓaraguzan kaskon na fita. Sai da na kai bakin kasuwa na ga ban sa takalmi ba.

Talata, 26 ga Maris, da azahar

Kamiyon taimako, babbar motar hatsi, ya zo. Jar dawa. Gana ta tsaya layi, ta samo mana da ɗan mai a kwalba.

Laraba, 27 ga Maris, da la'asar

Likita ya buɗe na hagu. Ya haska, ya sake haskawa. Ya tambaye ta yatsu nawa. Ya rufe.

Ya kira ni waje ya yi mini bayani da Faransanci, a hankali, da kalmomi masu tsawo, kamar tsawonsu zai rage wani abu. Na gane kowace ɗaya. Wannan ne amfanin karatuna.

Ya ce ran Juma'a ta sama za ta iya komawa gida.

Alhamis, 28 ga Maris, da hantsi

Ba ta yi kuka ba. Ni ma ban yi a gabanta ba.

Ta riƙa gwada abin da kanta. Ta miƙa hannun hagu gefe, tana jawo shi a hankali har ya shigo inda take gani. Ta ce, "Sai ya zo nan, Inna. Kafin nan babu shi."

Na ce za ta saba, ido ɗaya ma yana cin jarrabawa.

Ta ce, "Ba jarrabawa nake tunani ba. Maƙera a hagu take in an shigo."

Na gyara mata mayafi.

Ta ce, "Ko da can ban ga tahowarsa ba, ina da biyu."

Juma'a, 29 ga Maris, lokacin da maza suke masallaci

Na hau turmi na laluba saman azarar zaure. Itacen ƙota yana nan. Baba yakan sari reshen aduwa ya ajiye a can ya shekara yana bushewa, don ƙotar da aka yi da ɗanyen itace ramewa take a hannun mai ita. Guda uku na samu, gara ba ta taɓa su ba. Suna bisa kan Mutari duk tsawon wannan lokaci. Miƙa hannu kawai.

Na ɗauki ɗaya, da gizago, da magagari, na shiga ɗaki.

Kafin a haifi Mutari ni ce mai zuga wa Baba. Da aka samu namiji aka ce in wanke hannu in tafi lakwal. Na tafi, amma ban bar idona a gida ba.

Na wanke kan gudumar yau. Ban so ba. Amma ba a sa ƙota a kan datti.

Asabar, 30 ga Maris, da yamma

Tafin hannuna duk ya yi bororo. Alli ya lalata ni.

A hankali ake yi. A sassaƙa kaɗan, a gwada a ramin, a ga inda baƙin ƙarfe ya shafa a jikin itacen, a goge wurin, a sake gwadawa. Ba a so ta shiga da daɗi. Sai an juya ta an buga gindin ƙotar a kan dutse, kan yana hawa da kansa, yana kukan ƙin yarda. In ya zauna, a tsaga bakin itacen da ya leƙo ta sama, a buga masa ɗan ƙarfe mai bakin gatari ya buɗe shi daga ciki. Baba yana ce wa wannan ƙarfen haƙori. Na samu ɗaya a tsohuwar tukunyarsa.

Baba Ɗanjuma ya ji bugu ya leƙo. Ya ce, "Subhanallahi! Mace da kayan maƙera? A gidan nan?"

Na ce, "Baba, kayan maƙera ne suka fara taɓa mace a gidan nan."

Ya saki labulen.

Lahadi, 31 ga Maris, da azahar

Gana ta shigo ɗakina da Shatu a baya. Ba mai yawan magana ba ce, Hausarta ma har yanzu da ɗanɗanon Barebari. Ta zauna a bakin gado, ta ciro ɗan gwangwani daga zane. Man taimakon nan ne, cokali guda, wanda ta ware don shafa wa yarinya.

Ta ce, "Na ji kina cewa mai ake ba ƙota, ba ruwa ba."

Na ce ta mayar, jikin Shatu ya fi bukata.

Ta ce, "Don Shatu na kawo."

Muka shafa tare. Itacen ya sha, ya yi duhu. Na kai gudumar kunne na girgiza. Shiru. Na ba ta ita ma ta girgiza.

Ta ce, "Ba ya barci, Yaya. Ya zauna ya tashi. Ya ce in ya tsaya gyara kwana biyu, 'yan Mirriya za su kai aikin wani wuri, gidan nan ya kwana da yunwa. Ya ce kuma ba zai iya ce wa Baba Ɗanjuma a taɓa kayansu ba, kada su ce korarsu ake."

Na ce, "Ya fi jin kunyar turmi da ta 'yata."

Ba ta kare shi ba. Ta dubi bangon ɗakina na gabas, wanda bayansa lungu ne mai fita wajen masallaci. Ina jin ta ga inda na zana da alli jiya, tsayin mutum, faɗin mutum da bokiti.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Kin san ko mene ne."

Ta san abin da ƙofa ta biyu take nufi a Birni. Gidan da ya yi ƙofa biyu ya zama gida biyu, ko ba a kira alƙali ba. Masu wucewa za su nuna su ce 'ya'yan maƙerin nan sun rabu. Tun da aka gina gidan nan ba a taɓa yi ba.

Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba. Ta ce, "In kin fasa, ni da Shatu za mu iya bi ta nan?"

Litinin, 1 ga Afrilu, bayan la'asar

Na same shi shi kaɗai, yana ɗaure dagin da ya gama. Na riƙe gudumar a baya.

Na ce, "Mutari."

Ya ce, "Na'am, Yaya."

Na miƙa masa. Ya karɓa. Ya gane kan. Ya duba haƙorin, ya shafa ƙotar da babban yatsa. Sannan, ba tare da ya sani ba, ya kai ta kunne ya girgiza. Hannun Baba sak. Na kau da kai.

Ya ce, "Wa ya yi?"

Na nuna masa tafin hannuna.

Ya ce, "Ki bar mini ita. Da ita aikin zai fi sauri. In na kai na Mirriya, wallahi, kafin..."

Na ce, "Kada ka ƙarasa."

Na karɓe abata. Na gaya masa abin da na zo gaya masa, ban ɗaga murya ba. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Za ki raba gidan Baba saboda shara?"

Na ce, "Kai ka ce in cire ka daga 'ya'yansa. Ni ban iya ba. Kaina zan cire daga zaurensa."

Ya ce mutane za su yi da mu. Na ce mutane da ido bibbiyu za su yi kallon, su gode wa Allah.

Ya zauna a kan buhun gawayi ya rufe fuska. Na so in dafa kansa, ni na goya shi. Na ce masa ya janye buhun daga bakin wuta.

Talata, 2 ga Afrilu, da hantsi

Na rubuta a nan kamar yadda na faɗa masa, don kada gobe a ce ba haka na ce ba.

Sakina za ta dawo ran Juma'a da safe. Yana da daga yau zuwa jibi Alhamis, kiran la'asar. Na kwashe littattafaina na ba kayan 'yan Hamdara rabin ɗakina, ni da kaina na roƙi Baba Ɗanjuma, ya yi gunaguni ya yarda. Ɗauka kawai ta rage. Itacen aduwa biyu suna kan uwar maƙera, na sauko masa da su. Gana ta ce akwai sauran mai. Ni zan samo yashi.

In ladan ya kira, zan fito zaure. Ina so in ga wuta a kashe, ƙasa a share, kowane abu a kan siffarsa. Zan ɗauki kowace guduma in kai kunne. Ina so in ga sawun ƙafarsa a inda Baba yake tsayawa, fuska a bango. Ina so kuma ran Juma'a ya wuce gindin bishiyar nan ta ƙofar gidan likita, ya shiga ciki, ya tsaya ta damanta inda za ta gan shi, ya ɗauko mata kaya.

In na samu haka, zan rataye gudumar Baba a ƙusarta da hannuna, in goge allin bangona da jiƙaƙƙen tsumma, ko da ruwan shana ne.

In ban samu ba, ba zan yi faɗa ba, na gama. Zan yi sallata, in ɗaura ɗamara, in matsar da gado. Bangon ƙasa ne, ya shekara biyu bai ga ruwa ba, ba zai yi gardama ba. Kafin magariba iska za ta shigo ɗakina daga gabas, kuma 'yata za ta shiga gidan kakanta ta inda babu komai a hagunta sai bango.

Tun safe nake kasa kunne. Ban ji bugu ba, ban kuma ji tsintsiya ba.

Gudumar tana ƙarƙashin gadona. Na sake girgiza ta ɗazu. Ba ta motsi.